Ƙusar da Ta Ƙi Karyewa

Mutum uku suka cuce ni a hanyar Sudan, ni kuma na cuci mutum ɗaya. Nasu tuni zafinsa ya huce, wani lokaci har dariya nake ba mutane da shi. Nawa ne ya ƙi barina, domin wanda na cuta shi ne ya ɗauke ni daga ƙasa ya ba ni tabarma, kuma abin da na taɓa masa abincin gidansa ne na shekara guda.

Sana'ata sassaƙar ƙarfe. Shekara ashirin da ɗoriya na yi a gaban inji a Gusau, ina fitar da sandunan injin niƙa da na famfon ruwa da kayan babura, har wuta ta zama baƙuwa a layinmu, man janareta ya fi ƙarfinmu, kayan kwali masu sheƙi da arha suka cika kasuwa. Mai shagon da nake aiki a ciki ya sayar da injin ga masu sayen tsohon ƙarfe, ni kuma ban tsaya ganin ana farfasa shi ba. Wannan kafin yaƙi ya rufe hanyoyi ne, lokacin da mai taurin kai zai iya ratsa Chadi ya shiga Sudan a bayan babbar mota.

Na farko a Abeshe na gamu da shi, wani dattijo mai farin rawani da carbi, Hausarsa kamar jiya ya baro Kano. Ya ce akwai masana'anta a Bur Sudan da ke neman irina ido rufe, har da ɗaki da abinci. Ya karɓi abin da ya karɓa, ya miƙo mini takarda mai rubutun Larabci da hatimi biyu, ya ce in adana ta kamar raina. Na adana ta kuwa, cikin leda, cikin safa. A bakin iyaka, sojan da ya karanta ta sai da ya kira ɗan'uwansa ya zo ya taya shi dariya. Takardar shaidar allurar shanu ce.

Na biyu a Ubayyid. Na shiga wani shagon ƙarfe na faɗi sana'ata, mai shagon ya ce sai ya gwada ni. Gwajin ya ɗauki kwana shida, ina tsaye daga hantsi zuwa la'asar ina fitar da zobban tagulla ana kwashewa. Rana ta bakwai ya juya ɗaya a tafinsa, ya taɓe baki, ya ce aikin bai yi ba, in ƙara gaba. Ina fita na ga mai kayan yana loda su a mota yana sa wa mai shagon albarka. Da na buɗe jakata a tasha kuma, haƙoran yankan ƙarfe da na taho da su daga gida, waɗanda nake ji da su, babu ko ɗaya.

Na uku direba ne. Daga Sinnar na hau motarsa a kan zai kai ni Gadarif, domin kowa cewa yake can ne garin taraktoci, mai sana'ata ba zai kwana da yunwa ba. Muka yini muna dambe da laka. Da la'asar ya tsaya a wani gari bakin kogi ya ce mun iso. Na sauka, ya ja motarsa. Sai a bakin mai shayi na ji sunan garin Hawata, Gadarif kuwa da sauran tafiya. Ban ma iya fushi ba, don tun a mota zazzaɓi ya fara sara mini gaɓoɓi.

Kwana biyu na yi a inuwar wani masallaci, ban san gabas ba ban san yamma ba. Ashe cikin rawar sanyin nan ina ta kiran Inna, ni da furfura ta fara fito mini a gemu. Sai na ji an dafa goshina.

"Mai kiran Inna a Hawata namu ne," in ji wata murya. "Tashi, ɗana, nan ba wajen kwanciya ba ne."

Baba Siddiƙ ke nan, doguwar jallabiya, gajeren gemu, ƙafafu duk kaushi. Kakansa ya baro ƙasar Sakkwato a ƙafa zai je Makka, ya tsaya nan yin noma ɗaya don guzuri, har yau jikokinsa ba su gama noman ba. Bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausar na bakinsa, ta sha Larabci ta ƙoshi. Ya ɗora ni a amalanken jaki ya kai ni gidansa. Matarsa Hajja Asha ta yi ta ɗura mini kunu da magani har na iya zama. Ranar da ta kawo mini tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa, lomar farko ta mayar da ni gida. Na tuna matata da 'ya'yana uku da na bari a gidan surukai, na juya wa mutane baya na yi kukana.

Wata biyu na yi a gidan. Ba wanda ya tambaye ni yaushe zan tafi. Da na ji ƙarfi, Baba ya kai ni gona. Baƙar ƙasa ce shimfiɗe har inda ido ya gaji, ba tudu ba itace. Riɗinsa ruwa ya kwanta a kai ya ruɓe, dawar ce kawai ta tashi, ta fara ɗaukar ciki. Ya tsaya ya daɗe yana kallonta.

"Bana ita ce duka," ya ce. "Ni da ƙannena biyu da iyalanmu, ba mu da wani rumbu sai wannan. Rabbana ya kai ta gida, halas, shi ke nan."

A gefen gonar tsohuwar tarakta ce da su ukun suka gada, da injin sussuka da take juyawa, wanda suke kira daggaga. Na zagaya su na yaba don kunya, amma gaskiya ban taɓa sa hannu a irinsu ba. Ban faɗa ba. Mai shekara ashirin a sana'a ba ya son a ji akwai ƙarfen da bai sani ba.

Da hanya ta bushe, shi da kansa ya raka ni Gadarif, unguwar masu ƙere-ƙere, ya damƙa ni hannun Usɗa Bashir, wanda ke masa gyara tun da daɗewa. Usɗa shi ne abin da suke kiran gwani mai shago. Shi ma jinin mutanenmu ne, gajere, mai kaurin wuya, maganarsa ba ta wuce ta buƙata.

"Ɗana ne," in ji Baba. "Ya ce ya iya."

"Kowa ya iya," in ji Usɗa. "Za mu gani, inshallah."

Tsintsiya ya fara ba ni. Sati uku ina sharar sassaƙen ƙarfe ina turawa a durom, ina kwasar baƙin man da ake sanyaya aiki da shi ina zubarwa bayan shago, inda ƙasa ta mutu ko ciyawa ba ta fitowa. Na haɗiye. Injin kansa ya girme ni, jikinsa ya cinye, in ka juya hannun sai ya yi tafiyar banza kafin ya kama. Usɗa ya ce mini, "Yana ƙarya. Sai ka san ƙaryarsa kafin ka yarda da shi." Wuta kuwa, abin da na gudo wa a gida shi na tarar. In ta zo kowa ya watsar da shayinsa ya ruga, in ta ɗauke a koma ƙarƙashin rumfa a yi ta korar ƙuda. Sabon ƙarfe ba a ma maganarsa. Daga gawar manyan motoci ake yanko abin aiki, su ma gawarwakin sun fara wuya, don masu saye suna loda su ana kaiwa inda ake narkarwa. Haƙorin yanka ɗaya Usɗa zai yi ta wasa shi yana sake liƙawa har ya koma kamar ƙwayar shinkafa. 'Ya'yansa biyu sun ƙi sana'ar sun tafi haƙar zinariya. Shi ya sa, ina jin, a sati na huɗu ya matsa gefe ya ce in gwada.

Da na ji ƙarfe yana nannaɗowa daga bakin haƙori, sai na ji kamar na dawo mutum. Da rana mu haɗu da maƙwabta a tire ɗaya na wake da man riɗi, ina tsintar Larabci kaɗan kaɗan. Da yamma in koma ɗakin kwano da aka ba ni a bayan shago, in kwanta gajiya ta bi ta kaina.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Da kaka ta gabato, Usɗa ya sa ni fitar da wasu ƙusoshi masu noti, tsawon ɗan yatsa, waɗanda ke haɗa sandar tarakta da daggaga. Ƙarfen da ya ba ni mai laushi ne, irin na gadin taga, wanda in ka matsa masa sai ya lanƙwashe. Manoma suna zuwa suna saye tafi tafi. Wani ya ce bara goma ya karya, ya yi dariya, Usɗa ma ya yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce a raina, to, ga na huɗu. Ya san ƙarfen banza ne, yana yi ne don su karye a dawo masa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Da na buɗe baki na tambaya, da magana ɗaya ta ishe ni, amma na ga ai na gano shi, tambayar me kuma. Shi ma bai ga dalilin bayani ba, don a ƙasar nan ko mai kiwon awaki ya san amfanin ƙusar.

Ana cikin haka aka yi wa Usɗa rasuwa a Ƙala'at an-Nahal, ya tafi zaman makoki na kwana uku ya bar mini shago. A rana ta biyu sai ga Baba Siddiƙ, da ƙunshin gyaɗa daga Hajja. Sun gama yanka, dawa na tsibi tsibi a gona, jibi za su fara sussuka.

"Sai mu yi sauri," ya ce. "An yi magana da makiyaya, za su riƙe dabbobinsu har Juma'a ta sama. Bayan nan an saki, gona ta kowa ce. Ba ni ƙusoshin nan, ɗana."

Na ce ya je ya yi sallah ya sha shayi ya dawo. Wuta na nan, kamar ta san abin da nake shirin yi. Akwai wata ƙusar kan injin babbar mota da na tsinta na ɓoye, ƙarfe na gaske, wanda in ka kai shi dutsen wasa tartsatsinsa kaɗai zai gaya maka ba wasa. Na ɗaura ta a inji. Na bi ta a hankali, na auna, na sake aunawa, na goge ta har tana ɗaukar ido. Tun da na baro gida ban yi aikin da na sa zuciyata a ciki irin wannan ba. Ina yi ina cewa, yau dai tsohon nan zai ga ranar ɗaukata daga bakin masallaci.

Da ya dawo na zuba masa na Usɗa a leda, na miƙa masa tawa daban.

"Baba, da wannan za ka fara. Ni na yi maka ita da hannuna."

Ban gaya masa irin ƙarfen ba. Na so ya gama sussuka bai karya ko ɗaya ba, ya zo yana mamaki, sannan in faɗa masa a gaban Usɗa. Ya juya ta, ya ce, "Mashallah, kwayyis," ya jefa ta aljihun jallabiya.

Kwana huɗu bayan nan Baba ya sauko daga wata mota da buhu a kafaɗa. Ya zazzage shi a gaban Usɗa. Sandar da ke fitowa daga bayan tarakta ce ta murɗe ta tsinke biyu, ga giyar ciki haƙoranta sun zube. Dutse ne ya bi dawa ya shiga daggaga, ta cije.

Usɗa ya tsuguna ya daɗe yana juya guntayen.

"Ya Hajj, ƙusar fa? Me ya hana ta karyewa?"

"Ƙaddara," in ji Baba. Bai kalle ni ba.

"Ƙaddara shunu? Wace ƙaddara? Don wannan ranar ake yin ta. Ita ce za ta mutu injin ya rayu. Dutse ya shiga, ta tsinke, ka cire dutsen, ka sa wata, ka ci gaba. Shekara talatin ina yin su, ban taɓa ganin wadda ta ƙi ba."

Ina tsaye da tsumma a hannu. Abin da na kira cuta ashe shi ne gadin injin, ni kuma garin gyaran gira na tsone ido, idon ma ba nawa ba. Ban faɗi gaskiya ba. Tsoro ne, ba wani abu ba. Na ji tsoron tsintsiya, na ji tsoron tasha da jaka a hannu.

Saura kwana shida a saki dabbobi. Kowace daggaga a yankin tana kan gonar mai ita, ba ta aro. Muka bazama kasuwar kayan gyara, shago shago, ba irin sandar, taraktar ta tsufa har masu kawo kaya sun manta da ita. Muka je filin tsofaffin ƙarafa, aka ce ai wata irinta ta kwana biyu a nan, watan jiya aka loda ta. Sai dai mu ƙera. Usɗa ya jawo wata sandar ƙafar babbar mota da ya daɗe yana tanadi, ya ce in fara. Giyar kuma a cike gurbin haƙoran da walda, a fitar da su da magagari ɗaya bayan ɗaya.

Ranar farko wuta ta yi awa biyu ta ɗauke. Rana ta biyu ba ta leƙo ba. Muka tayar da janareta, ya yi tari ya mutu, muka ɓata yini muna gyaran abin da za mu yi gyara da shi. Man gas kuwa a lokacin kaka sai mai hanya, duk ya tafi manyan gonaki. Baba ya koma Hawata, shi da ƙannensa da mata suka kama sussuka da sanduna, abin da hannu zai iya a kan dawar da aka noma da tarakta. Ni na zauna da magagari. Na goga har tafina ya yi ƙuraje, ƙurajen suka fashe, na naɗe da tsumma na ci gaba. Usɗa yana ganin ƙwazo ne, har ya ce wa maƙwabta ya yi dace da mutum. Kowace kalmar yabo sai na ji kamar an ɗora mini dutse.

Juma'a ta zo ta wuce sandar na kan inji, ba mu gama tsaga mata haƙora ba. Sai ranar Talata muka naɗe ta a buhu muka hau mota, ni da Usɗa.

Tun daga nesa na ga farare da jajaye a cikin gonar. Shanu ne da raƙuma, ba iyaka. Ba laifin makiyaya, sun cika alkawari har sun ƙara kwana ɗaya don kunyar Baba, amma dabba mai yunwa da ta baro nisa ba a tsare ta da magana. Mutanen gidan sun kewaye tsibi uku da ƙaya suna gadi. Sauran an tattake, an cinye, an watsa cikin tsagewar ƙasa. Hajja Asha da matan gidan suna duƙe suna tsintar zangarniya ɗaya ɗaya suna sawa a zani. Ta ɗago ta gan ni, ta ce, "Sannu da hanya, ɗana, ka rame."

Muka ɗaura sandar. Ta zauna daram. Usɗa ya zaro ƙusa mai laushi daga aljihunsa ya sa, aka tayar, daggaga ta kama ruri. Kafin la'asar an gama tsibi ukun, abin da ya rage na aikin da aka shirya yi a kwana biyar. Na kalli buhunan da aka jera. Ko ni baƙo na san ba za su kai gidaje uku damina ba.

Baba yana zaune a inuwar tarakta, ƙura ta rufe masa gira. Na je na durƙusa a gabansa. Usɗa na kusa yana goge hannu, ban damu ya ji ba, na gaji da ɗaukar abin.

"Baba, ba ƙaddara kaɗai ba ce. Ƙusar da na ba ka, ba irin ta Usɗa ba ce. Da ƙarfe mai tauri na yi ta. Na ɗauka cutarku ake yi, na so in yi maka wadda ba za ta karye ba. Ni na jawo maka wannan."

Usɗa ya daina goge hannun. Ya ce, "La haula," a hankali, ya juya ya yi nesa da mu.

Baba ya sa hannu a aljihun jallabiya ya fito da ƙusar. Ko lanƙwasa ba ta yi ba, tana sheƙinta.

"Na sani tun ranar," ya ce. "Ni na zare ta."

"Me ya sa ba ka faɗa ba, Baba?"

"In faɗa ya kore ka, ka tafi ina? Ni na kai ka, na ce ɗana ne." Ya juya ta a tafinsa, ya goge ta da bakin hannun riga. "Kuma ka ce da hannunka ka yi mini. Aiki ne mai kyau, wallahi, ban taɓa riƙe irinsa ba."

Ya ɗaga kai ya dubi gonar, ya dubi matan da ke tsinta a bayan shanu, sannan ya mayar da ido kan ƙusar.

"Ita kaɗai ta tsira," ya ce.